Wasan da Ba a Ramawa

Ni mutuniyar Rano ce, kuma a gidan wasa na tashi. Taubasaina maza sun sha ɓoye min takalma ranar salla ana shirin fita idi, ni kuma na sha zuba musu gishiri a koko, in koma gefe ina kallon yadda suke yamutsa fuska. Kakanmu na wajen uba har ya bar duniya muna ja masa gemu, yana bin mu da sanda yana dariya. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta abin da zan faɗa ya ce boko ne ya raba ni da al'ada.

Aikina koyarwa ne a wata jami'a a Kano. Cikin darussan da nake ɗauka akwai na sasanta rikicin wurin aiki: shugaba mai taka na ƙasa da shi, abokan aiki da suka haɗe wa mutum ɗaya kai, ma'aikacin da aka mayar abin dariyar ofis har ya tsani wayewar gari. Ba na son karatun allo kaɗai. Nakan sa a ture kujeru, in naɗa wannan manaja, wancan akawu, in hura musu wutar rigima, sannan in ce wa na uku ya raba. Abu ɗaya nake nanata musu har sun gaji da ji: kafin ka buɗe baki ka ce wa wani ya yi haƙuri, ka fara gano wa ke da iko a kan wa. Wa ke raba aiki, wa ke ba da hutu, wa zai iya sa a kori wani. Duk ɗalibin da ya yi saurin cewa "a yi haƙuri" a ajina, a tsaye yake ƙarasa darasin, 'yan'uwansa na yi masa dariya.

Wata Asabar da damina ina gida a Rano, kawuna ya zo. Ƙanen mahaifiyata ne, ɗan kasuwar hatsi, da Allah ya buɗa masa sai ya gina ɗan asibitin kuɗi a gefen hanyar da ta tashi daga Kibiya zuwa Tarai. Shi dai bai san bambancin maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki ba, don haka ya ɗauko wani ma'aikacin lafiya da ya daɗe a aikin ya damƙa masa wurin. Kowa incaji yake ce masa, 'yan ƙauye kuwa likita.

Kawu ya sha ruwa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Wata nas da suka ɗauka ta daina gaida incaji, kuma ta ce aiki ya ishe ta, tafiya za ta yi. Shi kuwa ba ya son rasa ta, domin Bafulatana ce, kuma tun da ta zo matan rugage suke cika bencin awo, sun sami mai jin abin da ke damunsu ba tare da tafinta ba. Ya ji an ce ni malamar sulhu ce, to ga sulhu har gida.

Na ce masa zan zo, amma da ɗalibaina biyu na ajin ƙarshe, su za su yi aikin, ni ina baya ina kallo, kamar yadda muke yi idan muna auna su. Na zaɓi waɗanda nake ji da su. Ɗaya saurayi ne ɗan birni, shugaban ajinsu, mai iya tsara zance. Ɗayar budurwa ce mai natsuwa, ba ta cika magana ba, amma ba a taɓa wuce ta a jarrabawa ba. A hanya ina ta yi wa direban Kawu alfahari da su, masara ta yi kai dama da hagu, motar na faɗa wa ramuka tana fita.

Sun fara da kyau, ba zan hana su wannan ba. Suka ce za su ji kowa shi kaɗai tukuna. Aka ba mu ɗakin awo, nas ɗin ta shigo. Siririya ce, da farar riga da farin hijabi, ta zauna a bakin kujera kamar wadda ta zo karɓar hukunci. Daga wata ruga take a bayan Kahu, kuma ita ce mace ta farko a wurinsu da ta gama makarantar koyon aikin lafiya.

Da ƙyar ta fara, amma da ta ga ba a katse ta sai maganar ta zubo. Incaji ɗan gidan fawa ne, kuma kowa ya san akwai wasa tsakanin mahauta da Fulani. Ranar da ta kama aiki ya ce ya yi sabuwar baiwa, ta yi dariya, don ita ma ta san wasan. Daga nan sunanta ya ɓace, sai Fillo, sai baiwata. Idan ta yi magana ya kwaikwayi Hausarta. Idan ta buɗe kwanon abincinta ya toshe hanci ya ce ɗaki ya ɗau ƙarnin nono. Duk wannan ta ce ta shanye. Abin da ya kai ta bango shi ne da ya fara fitowa gaban marasa lafiya yana cewa kada su yarda ta yi musu allura, a jikin shanu ta koya. Ana dariya, amma ba kowa ne ya ɗauke shi wasa ba. Magidanta suka fara cewa su sai likita ya zo. Wata mata ta fizge ɗanta daga hannunta bayan ta riga ta zuƙi maganin a sirinji.

Budurwar ta tambaye ta ko ta taɓa ramawa, kuma tambayar ta yi min daɗi. Ta ce sau ɗaya. Ta kira shi bangaro, yadda Fulani ke tsokanar mahauci, mutanen benci suka kwashe da dariya. A makon ya jera mata aikin kwana ba hutu, kuma da yayarta ta haihu ya hana ta zuwa suna. Tun daga nan ta kama bakinta, daga baya gaisuwar ma ta gagare ta. Ina kallo ɗalibaina suka rubuta wannan da hannunsu, har saurayin yana girgiza kai.

Sai aka kira incaji. Kafin ya shigo ƙamshin balangu ya riga shi, ya aika an sayo mana a takarda da yaji da albasa. Na ce mun gode, ba ma cin abin ɓangare ɗaya a bakin aiki. Bai ji haushi ba, ya ce ai ya san 'yan boko da tsoron maiƙo. Gaskiya mutumin yana da ban dariya, irin mutanen nan ne da ko gaisuwa suka yi sai ka murmusa. Ya gyara zama ya ce shi bai ma san ana rigima ba. Su da Fulani tun kaka da kakanni ne, Fulani su kiwata, mahauta su yanka. Mahaifinsa yana da aboki Bafulatani da kan fizge masa hula a tsakiyar kasuwar Rano, sai ya ba da tsoka kafin a mayar masa. Yarinya ce kawai ba ta san wasa ba, ta je makaranta an cusa mata fushi.

Na dubi saurayin sai na ga fuskarsa ta washe, kamar wanda ya daɗe yana laluben makulli ya ji shi a aljihunsa. Tun a nan gabana ya faɗi.

Da aka haɗa su, Kawu ma ya shigo ya zauna, wai shi shaida ne. Saurayin ya buɗe zama yadda aka koya masa, ya ce kowa zai yi magana ba katsewa. Bai rufe baki ba incaji ya leƙa fuskar nas ɗin ya ce, "Fillo, yau har jami'a kika kai ƙarar ubangidanki?"

Saurayin ya fashe da dariya. Budurwar ta cusa baki cikin hijabi, kafaɗunta na rawa. Kawu har da buga ƙafa. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba a ɗakin ban da ni, kuma babu wanda ya dube ta.

Daga nan komai ya zube. Saurayin ya ture abin da ya rubuta gefe, ya shiga yi mana lacca a kan wasan barkwanci. Ya kawo Kanawa da Zagezagi, ya kawo Barebari da Fulani, ya ce da wannan kakanninmu suka kashe gaba tsakanin al'umma, kuma abin kunya ne a ce abokin wasanka ya tsokane ka ka yi fushi. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma ko ɗaya bai shafi yarinyar da ke zaune a gabansa ba. Na zuba wa budurwar ido, na ce ita za ta dawo da shi hanya, tunda ita ta yi tambayar ramuwa da bakinta. Sai ta gyara murya, cikin ladabin nan nata, ta ce addini ya hana gaba, kuma ko ba komai incaji ya haife ta. Ta juya ga nas ɗin ta ce, "'Yar'uwa, ki daure ki ba shi haƙuri, a wuce wurin."

Na yunƙura zan yi magana, amma yarinyar ta riga ni. Ta zame daga kujera ta durƙusa a kan siminti da farar rigarta, kanta a ƙasa, ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba."

Ya ce, "Na yafe miki, baiwata. Tashi ki kawo wa baƙi ruwa."

Aka sake dariya, Kawu ya ɗaga hannu zai ja fatiha. Na ce masa ya sauke hannunsa, ba a gama ba. Ban taɓa yi wa ƙanen mahaifiyata magana da wannan murya ba, shi ya sa ya sauke. Na kama hannun yarinyar na tayar da ita na mayar kan kujera. Na san idan na biye wa zuciyata zan faɗi abin da ba a faɗa a gaban ɗalibai, don haka na yi wa incaji tambaya ɗaya. Na ce tunda wasa ne, ga marasa lafiya can cike da benci, ya yarda yanzu ta fita ta ce musu kada su bari ya taɓa su, hannunsa da wuyan raguna ya saba, a mayanka ya koyi aiki?

Murmushin ya ɗauke daga fuskarsa. Ya ce, "Haba Hajiya. Ni sa'anta ne? A gaban marasa lafiya? Ai sai ta zubar min da mutunci, wa zai ƙara yarda da ni?"

Na juya na dubi ɗalibaina na ce ko sun ji. Babu wanda ya ɗaga kai. Incaji ya tashi ya ce yana da masu jira, ya fita, ya bar balangunsa a kan tebur.

A waje Kawu ya tare ni, ransa a ɓace. Wai yara sun ɗinke abu ni na zo na farke. Wai da takardun incaji aka buɗe asibitin, idan ya yi fushi ya tafi sai dai a sa kwaɗo a ƙofa. Na ce masa to ai da ya faɗi haka tun farko, cewa yana neman wanda zai lallashi yarinya ta ci gaba da haɗiye wulaƙanci, da ban ɗauko 'ya'yan mutane daga Kano ba. Na roƙe shi abu ɗaya, ya raba musu lokacin aiki, ya kuma karɓe rabon aikin kwana da hutu daga hannun incaji. Ya ce zai duba. Na san wannan "zan duba" ɗin, da shi yake rabuwa da masu neman aron buhu tun ina yarinya.

A mota ban iya jira mun kai Rano ba. Na tambaye su me suka rubuta da safe, suka karanta min, aikin kwana da hana zuwa suna duk suna nan. Na ce to ina suka jefar da shi? Saurayin, da yake bakinsa ba ya mutuwa, ya ce shi a ganinsa an yi nasara, tunda ɗaya ta nemi afuwa ɗaya ya yafe, kuma bai kamata mu zo da tsarin littafi mu rushe al'adar mutane ba. Nan na ce wa direba ya tsaya. A gefen wata gonar gyaɗa na juyo na wanke su tas.

Na ce kada ya kuskura ya koya min al'ada. Wasan da na sani, idan ka ciji mutum ka miƙa masa hannunka ya rama. Jika na jan gemun kakansa ne saboda wasa ya ba ƙarami damar taɓa babba ba tare da an dake shi ba. Bafulatanin da ke fizge hular mahauci a kasuwa ba a ƙarƙashinsa yake ci ba, gobe mahaucin zai tare shi ya ce saniyarsa ramammiya ce, su rabu suna dariya. Amma mutum ya riƙe aikinka da hutunka, ya zage ka, ka rama ya hukunta ka, ka yi shiru ya ce ba ka gaishe shi ba, sannan a tara mutane a sa ka durƙusa? Wannan cin zali ne tsirara, ya ari rigar wasa ya saka.

Abin da ya fi ƙona min rai, ba jahilci ne ya kayar da su ba. Da a aji na ba su wannan labari da manaja da akawu, da sun warware shi kafin in zauna. Amma da aka ce mahauci da Bafulatana, dariyar da suka taso da ita ta riga karatun fitowa. Budurwar ta yi ta kuka har muka shiga gari, tana cewa ita ta ga kamar idan aka ba shi girmansa zai sassauta. Ban lallashe ta ba. Na ba su makin da aikinsu ya cancanta, kuma bai yi musu daɗi ba.

Na yi ta kiran Kawu a waya ina tambayar yarinyar, kullum amsarsa lafiya lau, komai ya wuce. Sai bayan an yi girbi, wata Asabar ina tsakar gida ana sussukar dawa a maƙwabta, aka yi sallama. Ita ce, da atamfa da mayafi, ta riƙo ɗan kwano na man shanu. Ta ce ta tambayi gidanmu ne a wurin direban Kawu, ta zo ta yi min godiya.

Na ce godiyar me, ya aiki? Ta ce ai ta bari tun a makon da muka je.

Na ɗauka incaji ne ya ƙara matsa mata, har na fara zagin Kawu a raina. Ta ce a'a. Ranar da muka zauna, akwai matan rugarsu da suka zo awo, da suka ji an shige da ita ɗaki sai suka zagaya ta taga suna leƙe. Ba su ji abin da aka ce ba, Hausarsu ba ta kai nan ba. Abin da suka gani kawai shi ne 'yarsu da suke alfahari da ita, da fararen kayanta, gwiwa biyu a gaban mahauci, baƙi daga birni na dariya. Kafin ta koma gida labari ya riga ta. Mahaifinta, da take kira Baffa, bai yi faɗa ba, ya dai ce ba da yawunsa za ta sake taka wurin da sunan aiki ba.

Ta ce, "Hajiya, zagin nan duk ban taɓa faɗa wa Baffa ba, da na ci gaba da ɓoyewa. Durƙuson ne ba shi da wurin ɓuya."

Na ji da ma ɗaliban nan biyu suna tsakar gidan su ji da kunnensu. Na ce zan je in ga mahaifinta, zan kuma nema mata wani wurin a Rano ko a Kano. Ta ce in bari tukuna, Baffa ba ya magana biyu, kuma yanzu ko sunan asibiti ba ya son ji. Har ta roƙe ni kada in riƙe ɗalibaina a zuciya, ta ga alama da kyakkyawar niyya suka zo.

Na tambaye ta matan da take dubawa fa. Ta ce har yanzu ɗakinta suke fara zuwa, mai ciki da mai ɗa a goye, ita kuwa ba ta da ko ƙwayar magani. Asibitin Kawu ne mafi kusa da su, don haka takan sa mayafi ta raka su. A hanya take koya musu abin da za su faɗa da Hausa, inda ke ciwo da yaushe ya fara, su yi ta maimaitawa har su iso. Idan sun shiga sai ta zauna a gindin darbejiyar da ke tsallaken titi, ta jira su fito.